Ƙullin Wuyan Gora

A wurin wankin motar da ke bayan gidan mai, tun zamanin tsohon mai wurin aka raba aiki, kuma rabon bai canza ba. Dogo ke da rufi da gilasai da jikin mota. Daga ƙasan ƙofa zuwa inda taya ta taɓa siminti kuwa, wannan na Baba Mai-taya ne. Shi ya sa Dogo ke ce masa Na-ƙasa, shi kuma ya mayar masa da Na-sama. A haka suka tsufa tare, kan Dogo ya yi furfura, gwiwoyin Baba suka yi kanta.

Baba ba ya gaggawa da taya. In mota ta shigo, sai ya jawo 'yar kujerarsa ta katako, ya fara kai bayan hannu kusa da wili ya ji ko ƙarfen ya huce, don ba a zuba wa wili mai zafi komai. In ya huce, sai ya bi ƙafafun huɗu ya fesa musu ruwan sabulu, ya bar su su jiƙa. Kafin su jiƙa yana nan da wata lanƙwasasshiyar ƙusa yana ciro tsakuwa daga zanen taya. Daga nan buroshi, sannan ya naɗe yatsa da tsumma ya bi tsakanin ƙarafunan wili da ramukan noti, inda baƙar ƙurar burki ke maƙalewa. A ƙarshe ya shafa man sheƙi a gefen taya kawai, ban da inda ke taka hanya. Direbobi kan ce in Baba ya wanke maka ƙafa, har kunyar shiga taɓo kake ji.

Abin da direbobin ba su sani ba, Baba ya daɗe da daina ganin aikin da suke yabo.

Daga gefe abin ya faro. Duniya ta riƙa matsewa har ta zama kamar yana leƙen ta ta bakin tiyo, daga baya ɗan tsakiyar da ya rage ma ya soma yin dishi-dishi kamar ruwan ɗauraya. Likita ya gaya masa jijiyar ido ce ke mutuwa, maganin ɗigawa zai rage mata sauri ne kawai, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Baba ya karɓi maganin, ya ɓoye shi a aljihun cikin jakar aikinsa, bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Yana da dalilinsa. Da tsohon mai wurin ya rasu, ɗansa ya gaji wajen, ma'aikata na ce masa Ƙaramin Oga. Ba mugu ba ne, yana gaida manya, amma ba ya son a ɓata motar mutane. Lokacin da hannun wani tsoho da ke goge cikin mota ya fara rawa, Ƙaramin Oga ya kira shi ofis, ya ba shi kujera mai laushi da lemo mai sanyi, ya ce masa lokacin hutu ya yi. Baba ya ga fitowar tsohon daga ofis, a sa'ad da yake iya gani. Kuma bai manta mahaifinsa ba, wanda shi ma ido ya ci amanarsa, ya ƙare rayuwa zaune a bakin ƙofa yana tambayar duk motsin da ya ji, “Wane ne ke wucewa?” Wannan zaman Baba ke tsoro, fiye da duhun kansa. Muddin ba a sani ba, yana da kujerarsa a gefen taya, domin taya ba ta neman ido sosai, hannu take so.

Abu ɗaya ne hannu bai iya rabewa ba. Kayan wankinsa a gorunan ruwa uku yake ɗura su, duk iri ɗaya, an huda murafen da allura. Ɗaya man sheƙi, ɗaya ruwan sabulu, ta ukun kuma wani ruwa ne da ma'aikata ke kira mai-cizo. Shi ake fesa wa tsofaffin wilin ƙarfe zalla da ƙurar burki ta ƙone a jikinsu. In ya taɓa wili mai fenti, cinye fentin yake yi. Man sheƙi da kaurinsa ake gane shi in an girgiza. Amma sabulu da mai-cizo duk tsinkakku ne, launi kawai ya raba su, sabulu kore-kore, mai-cizo ruwan ɗorawa. Hancin Baba kuwa tuni warin magungunan ya kashe shi. Dogo kan ce ko mushen jaki aka kwantar masa a ƙarƙashin gado, barcinsa zai sha. Don haka ya yi wa gorunan alama a wuya: ya ɗaure wa mai-cizo tsinken robar tiyub, sabulu wani ƙyalle mai ƙulli biyu, man sheƙi igiyar takalmi. Kullum da jakar yake komawa gida, don kada wani ya taɓa.

Dogo bai taɓa tambayar sa komai ba. Sai dai wani sabon hali ya same shi: duk motar da ta shigo sai ya yi mata kirari da ƙarfi.

“Na-ƙasa, ga wata 'yar gayu nan mai baƙin takalmi. Fenti ne har cikin noti, a bi ta a hankali.”

Ko kuma, “Tsohuwar bas ɗin nan ta dawo da ƙafafunta na ƙarfe. Fito mata da mai-cizo, ita dai ba ta jin lallashi.”

Baba ya ce, “Ka ji da rufinka, Na-sama. Wa ya sa ka a harkar ƙasa?”

“Tsayina ne ya yi yawa, komai sai ya faɗo mini a ido.”

A gida, ɗaki da falo suke haya a wani gida mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. 'Ya'yansu duk sun watse, autarsu ma tana aiki a wani gari, sai waya. Matarsa mace ce mai tsabta har ta yi yawa, ko tsintsiya sai ta wanke kafin ta jingine. Ita da jakar aikin Baba ba sa ga-maciji.

“Malam, jakar nan in ta shigo, ƙudaje ne ke mata rakiya har bakin gado.”

“Bar ta, Uwar Auta. Dattinta ne ke ciyar da mu.”

“To ai ba da dattin muke cin abincin ba.”

Ranar hutunsa ya ce mata zai je duba wani abokin aiki, ya nufi asibiti a auna idon. Ya wuni a layi, aka haska masa fitila a ido, aka ce ya ci gaba da ɗiga magani. Ya dawo a gajiye, bai ko taɓa jakar ba. Da safe da ya sauko da ita daga ƙusa, ya ji maratayinta da ɗan danshi. Matarsa na tsugune tana hura wutar shayi, ya ji murmushi a muryarta.

“Na yi maka wani abu. Ba zan faɗa ba, sai ka je.”

Ya ce, “Allah ya sa alheri ne,” ya fita yana bin bango da gefen hannu kamar mai kaɗe ƙura.

Ya tarar injin ruwa ya shanye mai, an aiki Dogo da jarka. Bai gama ajiye kujera ba wata mota ta shigo, mai laushin ƙara, ta tsaya daidai gabansa. Ya ji Ƙaramin Oga ya fito da kansa yana dariya, suna tafawa da mai motar. Abokinsa ne, sabuwar mota ya saya, ya kawo a gani.

“Baba, fara mana da ƙafafun kafin Dogo ya dawo. Akwai ruwa a duro. Na gaya masa duk garin nan babu mai wanke wili irinka.”

Baba ya zauna, ya kai bayan hannu. Ƙarfen a sanyaye yake. Ya shafa da yatsa, ya ji santsin fenti har cikin ramukan noti. Ba sai Dogo ya faɗa ba, sabulu take so. Ya zura hannu a jaka.

Wuyan gorar farko fayau. Ya laluba ta biyu, haka. Ta uku ma haka. An wanke su tas, har maiƙon jikinsu ya fita, suna ƙara a ƙarƙashin yatsa. Babu roba, babu ƙyalle, babu igiya. Ya lalubi ƙasan jakar, ya ji buroshi da ƙusa da tsummokara a ninke kamar kayan jariri.

Ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Mai kaurin ya ware ta gefe. Saura biyu. Ya ɗaga su saitin fuskarsa, ya ga inuwa biyu masu tsayi ɗaya. Ya ɗiga kaɗan a tafin hannu, amma fatar ta yi kauri, ba ta gaya masa komai ba. Ya yi tunanin ɗanɗanawa da harshe, sai ya ji takalman mutanen biyu a bayansa, kusa har inuwarsu ta rage masa haske.

“Zo ka ga yadda yake yi,” in ji Ƙaramin Oga. “Tun ina makarantar firamare nake kallon sa.”

Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: wacce ce koriyar? Ta zo masa har bakin leɓe. Ya hango kujera mai laushi da lemo mai sanyi, ya haɗiye ta. Ya tuna shi kullum a gefen maratayi yake sa sabulu. Wataƙila ta mayar da su yadda ta same su, mace ce mai lura. Ya ɗauki ta gefen maratayi.

Ya bi ƙafafun huɗu ya fesa, yadda ya saba, ya bar su su jiƙa. Ya koma ta farko yana ciro tsakuwa, su kuma suka matsa gaban mota suna maganar inji. Sai da ya naɗe yatsa da tsumma ya shiga tsakanin ƙarafunan, sannan ya ji wani ɗan zugi a tsagar da ke gefen farcensa. Kaɗan ne, kamar cizon tururuwa. Ya miƙe ya ɗebo ruwa a duro ya sheƙa wa ta farko, ya koma ya ɗebo ya sheƙa wa ta biyu, yana tuntuɓe da tiyo, har ya zagaye motar. Sannan ya durƙusa ya shafa. Santsi. Babu kumburi, babu ɓawo. Ya ce a ransa ya tare abin da wuri.

Ya yi aikin har ƙarshe, bai rage komai ba. Ya bi kowane rami, ya tsane da busasshen tsumma, ya shafa man sheƙi a gefen tayoyin a hankali. Ya dafa gwiwa ya miƙe.

“An gama, ranka ya daɗe.”

Takalman suka zagayo. Ya ji ruwa na gangarawa cikin kwata, da rediyon gidan mai can nesa.

Mai motar ne ya fara, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Mene ne wannan?”

A daidai nan Dogo ya shigo. Baba ya ji jarkar ta sauka a siminti da nauyi.

“Oga, laifina ne,” in ji Dogo da sauri. “Ni na juye masa gorunan jiya, na manta ban gaya masa ba. Ka san kaina, tsayi ne kawai babu komai a ciki.”

“Jiya Baba bai zo ba, Dogo.” Ƙaramin Oga ya matso. “Baba, dubi wilin nan.”

Baba ya sunkuya ya duba. Ya ga wata baƙar da'ira a cikin hazo.

“Ƙafa huɗu, duk sun yi fari-fari kamar an zubo musu toka da ruwa. Ko daga bakin titi ana gani. Ka zauna a gabansu kana gogewa, har ka shafa mai.” Ƙaramin Oga ya sauke murya. “Baba, me kake gani?”

Baba ya goge hannu a gaban rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

“Ina ganin akwai mota a nan,” ya ce. “Kai ma ina ganin akwai mutum.”

Mai motar, da ya ja numfashi zai yi faɗa, ya sake shi a hankali. “Subhanallahi,” kawai ya ce, ya koma gefe.

Kujerar ofis ta fi yadda Baba ya zata laushi, har ya rasa yadda zai zauna a cikinta. Aka sa masa lemo a hannu. Ƙaramin Oga ya ce maganar wili shi zai ji da ita, kada Baba ya sa a ransa. Ya ce da an gaya masa tun farko. Bai ƙarasa abin da zai faru da an gaya masa ba. Ya ce wurin nan motoci na ja da baya, ga santsi, ga magunguna masu ƙuna, in wani abu ya same shi me zai gaya wa iyalinsa? Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, Baba bai musa ko ɗaya ba. Ya riƙe lemon har ya huce a hannunsa, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafar kujera, ya yi godiya.

Dogo ya rako shi bakin titi, jakar a kafaɗarsa, kujerar katakon a hannu.

“Da ka jira ni, Na-ƙasa.”

“Yana tsaye a kaina.” Suka ɗan taka. “Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar da ka yi wa injin ruwa ina kwana, har kana tambayar sa iyali.”

Baba ya yi dariya, gajeriya. “Ya amsa?”

“Ya fi wasu mutanen amsawa.” Dogo ya ja hanci. “Yanzu wa zan riƙa yi wa kirarin motoci? Ni ban iya durƙuso ba, ka sani. In na kai ƙasa sai an kira mutane su ɗaga ni.”

“Ka bar wili ya huce kafin ka taɓa. Sauran hannu zai koya maka.”

Dogo ya tsayar masa da mota, ya sa shi a gaba, ya gaya wa direba inda zai sauke shi, abin da bai taɓa yi a fili ba.

Baba bai saba ganin gidan da hantsi ba. Tsakar gida shiru, yara na makaranta, famfo na ɗiga a bokitin wani. Ya nufi ƙofarsu, kujera a hannu ɗaya, ɗayan a miƙe gabansa, don yau bai ga amfanin ɓoyewa ba. Wani abu mai laushi ya shafi fuskarsa. Ya tsaya ya kama. Igiyar shanya ce, a jikinta an maƙale ƙananan abubuwa uku: tsinken roba, igiyar takalmi, da ƙyalle. An kwance ƙullin ƙyallen, an wanke shi, ya bushe.

Matarsa na bakin ƙofa da tire a cinya. Ta ga shigowarsa, ta ga hannun da ke lalube a iska, ta ga kujerar da ba ta taɓa zuwa gida ba.

“Malam, lafiya?”

“Lafiya. An ce in huta.”

Ta ajiye tiren. Ta dubi hannunsa a kan igiyar.

“Ba su bushe ba da safe,” ta ce. “Na ce in ka dawo sai in mayar maka. Na zaci don kada su zame maka a hannu ka ɗaura.” Ta dubi jakar. “Na ga wani magani a aljihun ciki. Na ce ko na kumfar da ke faɗa maka a ido ne.”

“Ba na kumfa ba ne.”

Ya ajiye kujerar ya zauna a nan tsakar gida, ya gaya mata. Bai yi dogon bayani ba: likita, jijiya, gorunan, wilin mutumin. Da ya zo kan alamomin ya so ya tsallake, amma ta riga ta gane. Ya ji numfashinta ya canza.

“Ni na yi ke nan.”

“Wanki kika yi. Ni ne ban faɗa ba.”

“Shekara nawa ina zuba maka abinci, kana laluben cokali, ina cewa gajiya ce.” Muryarta ta karye, ta tsaya ta gyara ta. “Ni da nake ganin ƙura a bayan kabad.”

Wani ya wuce ta bakin ƙofar gida, takalminsa na ja. Baba ya juya kai wajen ƙarar, tambayar ta taso masa, ya danne ta.

Ta miƙe ta ciro abubuwan uku daga igiya, ta jawo jakar, ta fito da gorunan ta jera a gabansa. Ta durƙusa, gwiwarta na taɓa tasa.

“Wanne ke kan wacce?”

“Bar shi, Uwar Auta. Ba sauran amfani.”

“Ka dai gaya mini.”

Ya miƙa hannu ya shafa wuyan gorunan.

“Sai kin gaya mini launinsu.”

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan ta farko. “Wannan koriya ce.”

“Ƙyallen. Ƙulli biyu.”

Ta ɗaura, ta ja da haƙori don ya kamu. Ta matsar da hannunsa gaba. “Wannan ruwan ɗorawa. Ta kusa ƙarewa.”

“Robar,” ya ce.

Robar ta yi tauri da wanki, tana zame mata. Ya sa yatsa ya danne mata tsakiya har ta ƙulle.